An Yafe wa Yayana Laifin da Ni Na Yi

Da ana ba mutum dama ya koma baya ya goge abu guda a rayuwarsa, ni ba zan yi dogon tunani ba. Wata safiyar Litinin ce, shekara bakwai da suka wuce, a shagonmu na gyara da ke Ƙofar Kaura. Wani mutum ya tsaya a kan yayana yana zazzaga masa faɗa saboda aikin da ni na ɓata. Ina zaune a gefe, na sunkuyar da kai ina goge teburin da ba shi da datti. Kalma uku kawai ake bukata daga bakina: ni na yi. Ban faɗa ba. Yaya ya rasu ranar Talatar makon jiya bayan la'asar, har lokacin ban faɗa ba.

Mun kai shi makwancinsa kafin magariba. Jama'ar da ta taru ta ba ni mamaki, domin a shekarunsa na ƙarshe shagonsa kan wuni bai ga mutum biyar ba. Washegari aka baza tabarmi a ƙofar gida, ni ne ƙaninsa da ya rage, don haka ni aka zaunar a gaba ina amsa gaisuwa.

Telan da shagonsa ke manne da na Yaya ya zo ya durƙusa, ya kasa ƙarasa gaisuwar. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Shekara talatin ban duba agogo da safe ba. In na ji ya ja ƙyaure, na san takwas ta yi. Yau har tara ina zaune ina jira."

Wani dattijo ya tako tun daga Ƙofar 'Yandaka da sanda, rediyo rataye a kafaɗarsa. Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Wagga tun ina saurayi shi ka gyara mani ita. Ga ta nan tana magana, shi ya yi shiru." Wasu suka yi murmushi, wasu suka share ido.

Bayan liman ya yi addu'a, sai ya roƙi jama'a kamar yadda aka saba, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. Kowa ya ce bai yi masa komai ba. Can sai na ji an gyara murya a bayana. Alhaji mai makaranta ne, wanda ke da wurin da 'yan sakandare ke koyon rubuta jarrabawa a kwamfuta.

Ya ce, "Jama'a ku shaida. Akwai aikin da marigayi ya ɓata mani, ya sa na ji kunya gaban iyayen yara. Na daɗe da abin a raina. Amma yau na yahe mashi, duniya da lahira."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji," in ji jama'a. Ni ma bakina ya motsa tare da nasu.

Kafin in faɗi yadda aka yi, ina so a san wane ne aka yafe wa.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku a firamare, shi ya ƙarasa riƙona. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, don haka Auta yake kirana, har gemuna ya yi fari bai canza ba. Jikokina kan yi dariya in sun ji. Yanzu duk faɗin Katsina babu mai kirana haka.

Shi ma karatunsa bai wuce firamare ba. A wurin wani tsohon mai gyara ya koyi aiki, zamanin rediyo mai kwalabe a ciki, wadda in ka kunna sai ka jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Yana da tabo a hannun dama, inda wutar cikin irin wannan rediyon ta taɓa jefar da shi daga kan benci. Yakan nuna tabon ya ce malaminsa na biyu ke nan. Da aka daina yayin kwalabe ya bi taransista, da talabijin ta zo ya bi ta, da kwamfuta ta shigo gari yana da furfura ya sayi ƙamus ya zauna da littattafan Turanci yana bin su layi layi da yatsa. Tabaransa ƙafa ɗaya ta karye, ya ɗaure da zaren da ya karɓa wajen tela, ya ƙi sayen sabo. Ya ce ido yake gani da shi, ba ƙafa ba.

Ba ya buɗe na'ura sai ya yi bisimilla. In ya buɗe, ba ya fara ɗaukar ƙarfen narka dalma. Sai ya kunna ta, ya jira, sannan ya riƙa ɗora bayan yatsansa a kan ƙwayoyin nan baƙaƙe da muke kira aisi, ɗaya bayan ɗaya, kamar uwa tana taɓa goshin ɗanta. Yakan ce, "Duk wadda ta cika zafi, ci take yi ba aiki ba." Daga nan sai mita. Ko ya tabbata, sai ya auna.

Yana son bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wanda ya kawo gyaran fitila kan tafi da karatun da bai nema ba. Ni kuwa na sha jin nawa har na haddace, ban dai yi aiki da shi ba.

"Wuta kamar ruwan famfo take, Auta," haka yake farawa. "Akwai yawan ruwan, akwai ƙarfin turinsa. Turin nan shi ne bolt. Rediyon da, turi take so kamar na ambaliya. To dubi aisin nan, bai kai farcenka ba, amma gari guda ne a ciki, da lunguna da ƙofofi. Masu ƙera shi kullum ƙara sirantar da lungunan suke yi. Lungu in ya yi siriri, ɗan turi kaɗan ya ishe shi, in ka matsa masa ma katanga za ta faɗi. Kuma abin mamaki, in ka rage turin kaɗan, cin wutar ba kaɗan yake raguwa ba, ya fi haka. Shi ya sa wayar aljihunka ke wuni da batirin da bai kai tafin hannu ba."

Bayanin da ya fi so shi ne na memori, ɗan falankin nan mai tsawon yatsa da ake soka wa kwamfuta don ta riƙe aikin da take yi. Ya ce a ɗauka tuluna ne ƙanana jere, ba su ƙirguwa, kuma kowane yana yoyo. Dole a yi ta bi ana ƙara musu ruwa, sau da yawa kafin ka ƙifta ido, in ba haka ba su bushe kwamfuta ta manta abin da take yi. Don haka memori ke cin wuta ko ba ka taɓa komai ba. Tsohon ƙira turin bolt ɗaya da rabi yake so. Sabon ƙira, da yake an ƙara ƙanƙanta kayan cikinsa, ƙasa da haka kaɗan ya ishe shi, batir ya daɗe, na'ura ta yi sanyi. Akwai kwamfutocin da aka gina su a kan wannan ƙaramin turin kaɗai, ba za su ƙara ko ɗigo ba.

Matsalar ita ce tsohon da sabon kamarsu ɗaya. Tsawonsu ɗaya, ramin da suke shiga ɗaya. Bambancin yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikinsu, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero.

Ni kuwa ka'idata a aiki ita ce: in ya shiga, ya yi.

Akwai kuma abin da na ɓoye. Tun ina kusa da sittin idona ya daina ganin ƙaramin rubutu. Na ƙi sa tabarau. A layinmu ni ake ɗauka ɗan zamani, samari in sun kawo laftof ni suke nema, Yaya kuwa Baba mai rediyo suke ce masa, suna yi wa zaren tabaransa dariya. Ban so in koma kamarsa ba. In na ɗauki abu sai in yi kamar ina karantawa, in gyaɗa kai.

A wannan lokacin ne Yaya ya tsiri wata ɗabi'a. Duk kayan da ya shigo shago sai ya ɗaga shi ya karanta da ƙarfi, kamar mai magana da kansa. "Bisimilla. Wanga ɗaya da rabi ne, tsohon ƙira. To madalla." Sai ya ajiye shi a gefena na tebur. Har tsokanarsa nake yi, ina ce wa tela Yaya ya fara hira da ƙarfe. Yaya ma ya yi dariya. Sai da na bar shagon, na zauna ni kaɗai da kaya a hannu babu mai karanta mini, sannan na gane wa yake yi wa karatun.

Ciwon ƙafa ya kwantar da shi mako guda. A makon ne Alhaji mai makaranta ya kawo laftof goma sha biyu, na hannu, ya ce a ƙara musu memori domin suna nauyi, kuma ranar Asabar zai yi wa ɗalibai gwajin jarrabawa a gaban iyayensu. Ya tambayi Yaya, na ce yana gida amma aikin ba zai gagara ba. Muna da akwati cike da memorin da muka ciro daga matattun kwamfutoci. Na zuba hannu na ɗebo. Kowane na soka ya shiga daram. Na kunna, duk suka kawo haske. Gidan Yaya tafiyar minti biyar ne daga shago. Da na ɗauki guda ɗaya na kai masa, da ya karanta mini yana kwance. Na tuna da hakan, na kuma ƙi.

Abin da na zuba musu tsohon ƙira ne, kwamfutocin kuwa masu ƙaramin turi ne. Memorin yana samun abin da zai tashi da shi, amma bai ƙoshi ba. A kan tebur, ba aiki, lafiya lau. Ranar Asabar da yara suka zauna aka fara aiki sosai, ɗaki ya ɗau zafi, sai suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta daskare, wata ta mutu ta tashi ta goge duk abin da wata yarinya ta rubuta. Iyaye na tsaye a taga suna kallo. An ce wasu a ranar suka cire 'ya'yansu.

Ranar Litinin Yaya ya dawo shago yana ɗingishi. Ko zama bai gama yi ba Alhaji ya iso da kwamfutocin a bayan mota. Bai yi sallama ba.

"Malam, mi na yi maka? Don sunanka na kawo aikin ga, na wuce shago nawa na zo nan!"

Yaya ya jawo ɗaya, ya yi bisimilla, ya kwance ta, ya zaro memorin, ya gyara tabarau. Wannan karon bai karanta da ƙarfi ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce. Jira yake yi. Ni kuwa na ɗauki tsumma.

Da ya ga haka sai ya juya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Shagona ne. Duk abin da ya hita daga nan, hannuna ne."

Bai yi ƙarya ba, Yaya ba ya ƙarya. Amma Alhaji ya ji abin da ya ji. Ya faɗi maganganu, mutane suka taru a bakin ƙofa. Kafin azahar labari ya zaga layi cewa tsoho ya rikice, kwamfuta ta fi ƙarfinsa.

Kwana biyu ya yi yana canza memorin da hannunsa, bai ce mini uffan ba. A rana ta uku na iso na tarar da wani abu naɗe a takarda a kan teburina. Tabarau ne, sabo.

"Gwada wanga, Auta," ya ce, bai ko ɗago ba.

Tela na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na karɓa. Sai na ji jini ya hau mini kai.

"Makaho ka mai da ni gaban mutane?"

"Wane makaho? Tsuhwa ne. Ni ma ya same ni, ban mutu ba."

"Tsufanka naka ne. Kuma in don aikin Alhaji ne, kai ka ce hannunka ne. Wa ya sa ka?"

Wannan maganar ita ce mafi muni da na taɓa faɗa wa ɗan Adam. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ba wanda ya sa ni." Ya ci gaba da aikinsa.

Kafin wata ya ƙare na kwashe kayana na kama shago a Ƙofar 'Yandaka. Mutane suka ce na yi dabara, na gudu kafin tsoho ya ɓata mini suna. Masu kwamfutar da suka bar Yaya wurina suka dawo. Har da Alhaji mai makaranta. Shekara bakwai ni ke yi masa gyara. Yakan zauna a bencina ya ce, "Da tun farko kai na ba aikin nan." Ni kuma in ce, "Sai haƙuri, Alhaji." Na sayi tabarau a ɓoye, ina sawa in ba kowa. Ban sake kuskuren memori ba, ko sau ɗaya.

Ba mu yi gaba ba. Ina zuwa gaishe shi da Sallah, muna haɗuwa a suna da ɗaurin aure, shi ya ba da auren 'yata ta biyu a matsayin uba. Amma mutumin da ya fi kowa sanin cikin kwamfuta a layin nan ya koma gyaran fanka da tocila. In na bi ta Ƙofar Kaura nakan hango shi zaune da littafi a cinya, yana bin layi da yatsa, yana karanta labarin na'urorin da ba mai kawo masa. Sai in sauya hanya.

Da ciwon ƙarshe ya kama shi na je da hantsi, na yi niyya tun daga gida yau zan faɗa. Na same shi a kwance, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce in miƙo masa wayata. Ya juya ta, ya ɗora bayan yatsa a jikinta.

"Ka ji ko ɗumi babu. Sun ƙara sirantawa ke nan. Kai, Auta, da zan ga cikin wagga."

Ya hango tabarau a aljihun rigata. "Ka fara sawa?"

"Na fara, Yaya."

"Madalla."

Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani. Na ce, "Yaya, dama..." Sai aka yi sallama, 'yan dubiya suka shigo. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: daɗi na ji da suka shigo. Na ce a raina sai wani zuwan. Kwana biyar bayan nan aka kira ni, ya cika.

Ranar sadakar uku jama'a suka sake taruwa, Alhaji na cikinsu. Kwana biyu maganarsa ta yafiya tana cina. Da aka shafa addu'a mutane suka fara neman takalma, sai na miƙe. Na ce a dakata. Na faɗi komai, da akwatin, da idona, da tsumman.

Na zaci Alhaji zai zage ni, da ma hakan na fi so. Sai ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Innalillahi. Shekara bakwai ina ɓata sunan bawan Allah ga, duk inda na zauna. Shekaranjiya na tashi gaban jama'a wai ni ne mai yahewa." Ya dube ni. "To yanzu ni wa zan roƙa? Faɗa mani, wa zan roƙa?"

Tela ne ya yi magana daga inda yake zaune, a hankali. "Ni tun ranar tabarau na gane. Na so ka faɗa yana da kunnen ji."

Liman ya yi nasiha, ya ce Allah mai gafara ne, gara yau da gobe. Aka watse. Na shiga cikin gida wurin matar Yaya, domin labari ya riga ni shiga. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ba ta ƙara ba. Babbar 'yarsa ce ta biyo ni har zaure. Yarinyar da aka haifa a gabana, yau ita ma uwar 'ya'ya.

"Baffa."

Na tsaya.

"Ka san abin da na ce ma Baba bayan aikin nan? Na same shi na ce ya ruhe shago ya zauna gida, tunda ya fara ɓata kayan mutane. Na ce mashi ya tsuhwa, ya bar ma su Baffa da suka san zamani. Sau uku ina faɗa mashi. Dariya kawai ya yi." Sannan ta ce, "Ka ga abin da ka sa na faɗa ma ubana?"

Na buɗe baki in ce ta yafe mini, ta juya ta koma ciki. Jiya na je gidan. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, amma ba ta dubi fuskata ba. Ban ga laifinta ba. Zan ci gaba da zuwa.

Na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa jin an ce kwamfuta ta gagari Baba mai rediyo na Ƙofar Kaura ya san ba haka ba ne. Bai taɓa soka abu a na'ura bai karanta ba, bai auna ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini kafin ya cika, domin ban tambaye shi ba.

Kai kuma da ka karanta, abu guda nake roƙonka. In akwai wanda ke ɗauke da laifinka, ko da shi ya miƙa kai ya ɗauka don yana sonka, tashi ka je ka sauke masa, a gaban mutanen da suka ji zancen farko. Kada ka ce sai ka samu lokacin da ya dace. Ni na jira, na faɗa a kan tabarmar makoki. Kowa ya ji, ban da shi.